Malam a Kan Katangar Lakwal

Ba zan taɓa mantawa da ranar da Gawo ta ɗauki kofinta na farko ba, kuma ko na so in manta, yaran unguwarmu ta Birni a Damagaram ba za su bar ni ba. Amma bari in faro daga tushe, don wanda bai san Gawo ba ba zai gane abin da ya kai mai furfura kan katanga ba.

Mu muka kafa ƙungiyar ƙwallon muna yara, ni da abokina Ari da wasu waɗanda da yawansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙan su. Filinmu wani sarari ne tsakanin duwatsun bayan Birni. Ba mu da raga, gida ɗaya duwatsu biyu ne, ɗayan kuwa dutse ne da bishiyar gawo, daga nan sunan ya fito. Balonmu na farko tsumma ne cikin tsohuwar safa. Da muka sami rigunan gwanjo daga Kano, ni aka ba aikin sa suna, tunda ni ne mai kyan hannu a makarantar allo. Na zauna da alƙalami da tawada na rubuta wa kowa sunansa da ajami a baya. Kafin a raba wasa biyu gumi ya wanke komai, kowa ya koma gida da baƙin gadon baya, uwayenmu suka yi ta faɗa.

Gawo ba ta taɓa shiga babbar gasa ba. Gasar unguwanni ta lokacin hutun lakwal, wato makarantar boko, ita ce iyakarmu. Mun je Gaffati a bayan kamiyo, babbar motar kaya, an ci mu. Mun je Guna muka tarar 'yan wasansu suna gona, muka jira har suka dawo, suka ajiye hauya suka ci mu. Ni ne mai tsaron gida a zamanin (kada ka tambayi Ari yadda nake tsarewa, ba shi da adalci). Da gwiwa ta ƙi sai aka mai da ni shugaba, Ari ya zama mai horar da yara.

To, akwai wata al'ada ta 'yan balo a garinmu. In wasa ya yi girma, sai a ce abokan hamayya sun binne wani abu ko sun zuba rubutu a ƙofar fili, wanda duk ya taka ƙafarsa za ta yi nauyi. Maganinsa shi ne a tsallaka ta katanga. Ni kuwa babu wanda ya kai ni yaƙi da wannan. A karatun da nake bayarwa bayan la'asar na sha cewa mai tsallake katanga don tsoron ƙofa imaninsa ne ya gurgunce. Mutane suna gyaɗa kai, ni kuma ina jin daɗin kaina.

A shekarar da nake ba ka labari na'ibin masallacinmu ya rasu. Limaminmu, Baba Goni, tsoho ne mai ƙarancin magana, ya ce zai faɗi wanda zai gaje shi bayan damina. Kowa ya san ni ake nufi. Ni ma na sani, har na ba da ɗinkin babbar rigar shadda, ina kuma gwada kabbara a ɗaki in ba kowa.

Sai ga ikon Allah, a shekarar nan Gawo ta kai wasan ƙarshe, kuma da 'yan Zango, waɗanda shugabansu Alhaji Sani jikan fataken Kano ne. Kasancewarsa Bakano ni kuma Badamagare, ba ma haɗuwa mu rabu ba a yi tsiya ba. A babban filin wata lakwal mai katanga za a yi wasan.

Ranar wasan da azahar Ari ya same ni a zaure fuskarsa ba annuri. Ya ce da safe an ga mutumin Alhaji Sani da buta yana zuba wani abu a bakin ƙofar, ga wurin can a jiƙe alhali an kwana biyu ba ruwan sama. Yara sun yanke shawara za su bi katanga. Na ce su bi, Allah Ya shirye su, ni dai ta ƙofa zan shiga. Sai ya ce ai a nan matsalar take, in mutum ɗaya na ƙungiya ya taka, ya kwaso wa kowa, balle shugaba.

Na kawo aya, na kawo hadisi. Ari ya bari na gama, sannan ya ce a hankali, "Mala, tun muna buga tsumma muke jiran yau. Ni ban ce ka yarda da abin ba. Ka dai hau."

Wannan magana ita ta kashe ni. Na zauna na yi wa kaina fatawa: hawa katanga ai ba haramun ba ne, motsa jiki ne, kuma kwantar wa yara da hankali sadaka ce. Abu ɗaya na kafa, kada kowa ya gan ni. Na ce su tsallaka ta gabas su duka, ni zan zaga ta yamma ni kaɗai, inda na san akwai wani dutse jingine da katangar.

Abin da ban sani ba, iskar hadari ta yaga tamfol ɗin rumfar manyan baƙi, saboda haka aka kwashe kujerunsu aka jera a inuwar katangar yamma.

Na naɗe babbar rigata a kafaɗa, na yi bisimilla (har bisimilla na yi, Allah Ya yafe mini), na hau dutsen, na ɗora ciki a kan katanga, na jefa ƙafa ɗaya. Sai hulata ta zame ta faɗa ciki. Na leƙa don in ga inda ta sauka. A kan cinyar Baba Goni ta sauka.

Ya ɗauki hular ya juya ta, ya ɗaga kai. Duk layin manyan baƙi suka ɗaga kai. Na yi yunƙurin komawa, ashe wani guntun ƙarfen gini ya cafke rigar ta baya. Ƙafata ta waje ba ta kai dutsen, ta ciki kuwa tana lilo bisa rawanin mai unguwa. Haka na zauna kamar wanda ya hau jaki, shadda tana ƙara a iska.

Ban san me ya sa ba, sai na ji bakina ya ce, "Salamu alaikum."

Baba Goni ya amsa sallamar har da wa barakatuhu. Sannan ya ce, "Malam, an rufe ƙofar ne?"

Na ce a buɗe take, Allah gafarta Malam.

"Na ga haka. Ta nan na shigo."

Mai sanarwa a mikoro, wanda Allah bai hore masa kunya ba, ya shiga yi wa shugaban Gawo barka da zuwa, yana cewa jama'a su duba sama. Fili ya ɗauki sowa. Alhaji Sani kuwa dariya ta sa shi zamewa daga kujera. Da ya sami numfashi ya zo ƙarƙashina ya ce, "Kai Badamagare, ruwan wanke butar shayi ne fa. Kowace shekara ina sa a zuba don yara su gaji da tsalle. Ban taɓa sa ran zan kama malami ba."

'Yan wasansa ne suka ɗauko tsani, ta ƙofa kuma suka shigo da shi. Sai da mai gadin lakwal ya hau ya yanke gefen rigar da wuƙa sannan na sauko. Kujera ɗaya ce ta rage, kusa da Baba Goni. Ya miƙo mini hulata, ya ci gaba da jan carbinsa. Na zauna ina roƙon Allah a zuciya Ya sa a ci mu, ko mutane su gane katanga ba ta tsinana komai.

Muka ci. Ƙwallo ɗaya, gab da tashi, ta bugi gwiwar wani yaronmu da ya juya baya ta shiga. Yara suka bar wanda ya ci, suka zo suka ɗauke ni a kafaɗa suna kewaya fili suna cewa hawan Malam ne ya yi aiki. Na yi ta cewa astagfirullah, amma ganga ta fi muryata.

Bayan damina Baba Goni ya tara mu a masallaci. Ya ba wani malami mai sanyin hali na'ibanci. Sannan ya juyo gare ni ya ce ladaninmu ƙafarsa ta yi rauni, duk ranar da aka ɗauke wuta ba ya iya hawa soro ya yi kiran salla. "Kai kuwa Malam, mun shaida kana da ƙwazon hawa."

Har yau ni ne ladan, kuma wuta a Damagaram ka san halinta. Kofin yana zauren Ari, shaddar da aka yanke matata ta yi wa jikoki riguna da ita. Karatun la'asar ina nan ina bayarwa, sai dai in muka iso babin camfi nakan ce Malam Na'ibi ya karɓa, maƙogwarona ya bushe.

Abin da na koya shi ne, fatawar da mutum ya yi wa kansa shi kaɗai a zaure, a gaban jama'a ake karanta ta. In kuma ka ƙi ji sai ka hau, to ka fara leƙawa ka ga wanda ke zaune a ƙasa.