Kashi Na Uku

Shekara biyu ina jiran kashi na uku na fim ɗin matattu masu cin mutane. Wani jandarma a Ƙonni ya ara mini faifan na yini ɗaya, washegari za a mayar da shi Agadas.

Maƙwabta suka cika zaurena. Na ce, "Komai da tsarinsa. Na ɗaya tukuna, sannan na biyu."

"Malam, sau biyar muka gan su," in ji Idi tela.

Ban kula shi ba. Na biyu na ƙarewa aka ɗauke wuta, da safe jandarma ya karɓi abinsa.

Har yau ina tunanin matar da matattun suka ritsa kan gada, ko ta tsira. Idi kuwa duk inda muka haɗu sai ya ce, "Malam, an kai na ukun?"