Yadda Za Ka Yi "Hang Out" da Yayan Budurwarka

Ni Sabi'u mai turare na unguwar Rusaifa a Makka, na yi maka alkawari: bi matakan nan, aure ya tabbata. Da su na aurar da maƙwabcina Mukhtaru, wanda Turancinsa bai wuce na jikin kwalin shayi ba.

1. Kada ka ce ba ka gane ba

Ayman, yayan Suhaila da Mukhtaru ke nema, ya dawo daga karatu a Ingila. Ya bugo waya ya ce, "Ya Mukhtar, zo gida gobe mu yi hang out." Mukhtaru ya ce, "Tayyib, Yaya, ai kullum ina yi." Haka ake so. Mai tambaya ba ya ɓata, amma yana rasa mata.

2. Nemi masani

Wato ni. Na duba waya, ma'anar da na fara gani ita ce shanya tufafi. Na ce, "Gwada ka za a yi. Sayi igiya."

3. Yi aiki da zuciya ɗaya

Mukhtaru ya isa Ayman na wanka. Ya tarar da bahon wanki a tsakar gida, ya haye soro da shi cikin ranar Makka mai soya ƙwai. Ya shanya jallabiyoyi da zannuwan gado har da safar baban Ayman. Hajiya Rakiya, uwar yarinya, ta hau ta same shi yana matse labule.

"Ɗan nan, lafiya?"

"Hang out nake yi, Umma."

4. In ta farko ta ƙi, koma ta biyu

Ayman ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "La, ya shekh, ba wannan ba! Yalla, shiga mota." Mukhtaru ya turo min saƙo, na ce kalmar na kuma nufin leƙowa waje. Sai ya zuro rabin jikinsa ta taga a hanyar Mina. Iska ta tafi da hularsa, Ayman ya fizgo shi ta ƙafa yana salati.

5. Karɓi gaskiya in ta zo

Ashe zaman hira ne, a sha shayi, a yi musun ƙwallo, a tashi ba a ƙulla komai ba. Mukhtaru ya ce, "Yaya, ai wannan sana'ata ce a ƙofar shagon Sabi'u!" Kada ka faɗi wannan. Ayman ya ɓata rai, ya ce ba zai ba ɗan zaman kashe wando ƙanwarsa ba.

Hajiya ce ta raba gardama: "Kai da digirinka ko cokali ba ka taɓa ɗauke min ba. Khalas, na ba shi."

Gargaɗi

In ka faɗo ta taga, ko rana ta kwantar da kai, ko aka ba wani yarinyar kana can soro, ban san ka ba. Turare nake sayarwa, shi ma in an fita da shi ba a dawowa da shi.