Rabin Ƙwai Ranar Talata

Ba na jin zan taɓa mantawa da Lahadin da matan zumuntar cocinmu suka kawo mini ziyara ɗakina a Samaru, ko da kuwa na so in manta. Amma sai na fara da Toka, don ita ta ja mini.

Aiki ne ya kawo ni Zariya daga Kafanchan, ina buga takardu a wani ofis cikin jami'a. Na kama ɗaki ɗaya da ɗan kicin a wani gidan haya da ɗalibai suka cika. Shekaruna talatin da huɗu, don haka “Anti” suke ce mini, su gaishe ni a tsaye su wuce. Coci kuwa a Sabon Gari nake zuwa, in zauna a bencin baya, ana tashi in tare keke in dawo. Na yi wata takwas babu wanda ya taɓa cire takalmi a ƙofata. Kaɗaici ya ci ni sosai, ba zan ɓoye muku ba.

Da damina na tsinci wata 'yar kyanwa a bayan kicin, ramammiya, mai launin toka, sunan ke nan ya bi ta. Na ɗura mata madara, na bi ta da tuwo da miyar kuka, washegari ta kama zawo. Likitar dabbobin da na kai ta wurinta ta wanke ni tas. “Madam, kyanwa ba mutum ba ce, nama take bukata. Ban da albasa, ban da tafarnuwa, ban da gishiri da magi. Madarar nan ma ki bari. Hanta kaɗan-kaɗan, kifi ba kullum ba, ƙashin kaza dafaffe kada ki kuskura. Zuciyar kaza kuwa in kin samu, ki ba ta. Ruwa mai tsabta kada ya yanke.”

Ni da ba ni da wanda zan yi wa hidima, sai na ɗauki abin da zafi. Na tsara jadawalin mako guda, na buga shi a ofis (da takardar gwamnati, Allah Ya gafarta mini), na manna a bango. Toka ta murmure, gashinta ya kwanta yana sheƙi. Ni kuma na koma gari da sukari, shayi da burodi. Albashina yana shigowa lafiya lau. Kawai dai in na ɗora tukunya don kaina, na zauna gaban faranti ni kaɗai, sai abincin ya ƙi wucewa. Na rame har siket ɗina yana juyawa a ƙuguna.

Ban gaya wa kowa ina da kyanwa ba. A inda na fito, mace ba aure, ita kaɗai a ɗaki, ga kyanwa tana kwana a gadonta, ba sai na faɗa muku sunan da za a saka mata ba.

Ana nan sai aka yi sanarwa a coci cewa 'yar wani dattijo za ta yi aure, mata su fito girki ranar Juma'a. Ɗaki ya ishe ni, na je. Aka ba ni wuƙa aka haɗa ni da masu gyaran kaji. Suna hira suna shewa, ni ina gefe ina murmushin da ba wanda ya nema. Can na lura 'yan zukatan kajin suna bin hanji zuwa robar da za a zubar. Zuciya kusan arba'in, a banza. Na waiga hagu, na waiga dama, na zaro leda na shiga tsinta ina cusawa a jaka.

“'Yata, me za ki yi da wannan?”

Mama Rifkatu ce, shugabar zumunta, tsohuwar malamar firamare da ta saba kama yara da abu a hannu. Da na ce mata kyanwa gare ni, da magana ta ƙare a nan. Amma sai bakina ya ce, “Miya zan ɗan yi, Mama.” Ta dubi ledar, ta dubi ƙasusuwan wuyana, ta ce, “To, Allah Ya taimaka.” Na tafi gida ina yaba wa kaina da iya magana.

Ranar Lahadi da yamma na ɗora wa Toka zukatan a wuta, ruwa zalla kamar yadda likita ta ce. Sai na ji waƙa daga bakin titi, da kiɗan tulu da caki. Na ce a raina wani gida ya yi haihuwa. Waƙar ta shigo zaure, ta ratso tsakar gida, ta tsaya a ƙofata. Mata bakwai cikin zanen zumunta, ɗaya da rabin buhun shinkafa a ka, wata da galan na manja, wata da doya. Ɗalibai duk sun fito da wayoyinsu. Wata ɗaliba ta leƙo ta ce, “Anti, hope lafiya dai?”

Suka cika ɗakin, wasu a gado wasu a ƙasa. Toka ta shige ƙarƙashin gado tun da ta ji tulu, ni kuma ina addu'a ta zauna can har su tafi. Mama Rifkatu ta riƙe hannuna ta ce sun yi laifi, 'yar'uwa tana cikinsu tana kwana da yunwa ba su sani ba. Na buɗe baki in yi bayani, wata ta ce, “Kada ki ji kunya, Sista, babu wanda bai taɓa shiga ba.”

Daga nan Mama ta bi ƙamshi zuwa kicin. Ta buɗe tukunya, ta ɗebi romo a ludayi ta kurɓa. Na ga fuskarta ta canza. “Ko gishiri babu,” ta ce. Ta sake kurɓa don ta tabbatar. Tana juyowa ta ga takardar bango, ta gyara tabarau, ta shiga karantawa da ƙarfi yadda ake karanta wa 'yan aji uku.

“Litinin, kaza dafaffiya, cokali uku. Talata, rabin ƙwai.” Ta tsaya. “Rabin ƙwai, 'yata? Ɗaya rabin fa?”

“Sai ranar Juma'a, Mama,” na ce. (Har yau ban san abin da ya sa na amsa ba.)

“Laraba, hanta, yanka ɗaya kamar kan yatsa.” Wata a kan gado ta fashe da kuka. Aka ce a durƙusa a yi addu'a.

Muna durƙushe, idanu a rufe, sai na ji ƙarar ƙaramin kwano ana tura shi a siminti. Lokacin cin Toka ya yi, ita kuwa ba ta san zumunta ba. Ta fito tana miƙa, sumul da ita, ta ratsa tsakanin gwiwoyin mata ta je ta zauna daidai ƙarƙashin jadawalin tana kuka tana kallon ludayin da ke hannun Mama. Addu'ar ta mutu ba a kai ga amin ba.

Mama ta dubi kyanwar, ta dubi takardar, ta dubi ludayin. “Wannan romon na wane ne?”

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, “Nata ne, Mama.”

Na so ƙasa ta tsage in shige. Wata ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Wata ta ɗan ja ƙafarta nesa da Toka. Mai shinkafa ta ce a hankali, tunda haka ne, akwai gwauruwa a Hanwa mai 'ya'ya biyar. Haka aka sake ɗora buhun a ka, aka fita da shi ta gaban ɗaliban nan, wannan karon babu waƙa.

Mama Rifkatu ba ta bi su ba. Ta kurkure baki, ta shiga buɗe sauran tukwanena ɗaya bayan ɗaya. Duk a bushe, har da yanar gizo a babbar.

“Ita an rubuta mata na kwana bakwai. Ke me kika ci yau?”

“Shayi.”

“Kuɗi ne babu?”

“Akwai, Mama. Ci ni kaɗai ne ba na iyawa.” Ban taɓa faɗin wannan da bakina ba sai ranar, kuma ina faɗa kuka ya ƙwace mini. Ta bar ni na yi mai isata. Sannan ta ɗaura zane, ta fere doyar da aka manta a bayan ƙofa, ta aike ni sayo tattasai da albasa. Muka ci a faranti ɗaya, tana yi mini faɗa tsakanin loma da loma. Na cinye har na suɗe hannu.

Yanzu duk Alhamis bayan taron zumunta a gidanta nake cin tuwo, in ban je ba ta kira ta ji dalili. A coci kuwa sunana ya ɓace, daga manya har yara Maman Toka suke ce mini, kuma duk bikin da aka yanka kaji sai an ƙulle mini zukata a leda an miƙo a gaban kowa. Ina karɓa da hannu biyu.

Abin da na koya shi ne, in za ki yi ƙarya, kada ki yi wa matan zumunta ta yunwa, don har gida za su biyo ki da tulu. In kuma kaɗaici ne yake cin ki, ki faɗa tun da wuri, kafin sai dattijuwa ta sha romon kyanwa sau biyu a gane.