Ranar da Na Gaida Dattijon Cikin Tabarau

Duk tsufan da zan yi, ba zan taɓa mantawa da ranar da na raka Baba sashen gashin ƙashi ba. Shanyewar ɓarin jiki ce ta taɓa shi, ƙafar hagu ta ƙi ɗaukarsa. Likitar da ke duba shi a wani asibiti nan cikin gari ta ce akwai sabuwar hanyar motsa jiki: a ɗaura wa mutum wani tabarau mai kama da akwati a fuska, ya ga kansa a wani wuri daban, ya riƙa bin abin da ake nuna masa har jijiya ta farfaɗo.

Baba ya ce sam. “A rufe min ido a nuna min mutanen da babu su? Malama, ki bar ni da gurguntata.”

Hankalina ya tashi, don likitar ta gaya min in ya ci gaba da zama haka, ƙafar sandarewa za ta yi. Sai na gyara tsayuwa. (Ku sani, a layinmu na Zaitawa ni ne injiniya. Duk tsohuwar da wayarta ta ƙi kunnuwa, ni ake aika wa.)

Na ce, “Haba Baba, ai hoto ne kawai! Sai wanda kansa bai waye ba zai ruɗe. Likita, sa min ya gani.”

Ta ɗaura min. Wallahi sai ga ni a ƙofar wani zaure, shararre tas, an shimfiɗa tabarma, ga wani dattijo mai farin saje zaune yana kallona. Ban san lokacin da na tuɓe takalma ba. Na yi sallama. Shiru. Na shiga na tsuguna.

“Barka da hantsi, Baba. Ina gajiya? Ya iyali?”

Dattijo ƙifta ido kawai yake yi. (Ashe jira yake likita ta danna masa maɓalli ya fara koyar da motsa hannu. Ita kuwa dariya ta hana ta.) Na ce a raina, bawan Allah kunne ya yi nauyi. Na ja gwiwa na matsa, na ɗaga murya yadda har na bakin titi zai ji: “NA CE INA GAJIYA!”

Can sai ya ɗago hannu. Alhamdu lillahi! Na miƙa hannu bibbiyu cikin ladabi, na kuwa kama wani abu mai ɗumi, na girgiza shi sosai, na dafa ƙirji.

Ƙarar da aka ƙwalla ce ta sa na fizge tabaran. Ƙafar wani Alhaji na riƙe, wanda aka zo yi wa gashin idon sawu. Ɗakin gaba ɗaya ya kife da dariya, har da wata tsohuwa da aka ce tun da ta kwanta ba ta yi murmushi ba. Ga ni a ƙasa, ba takalmi, hula ta yi nata wuri. Na ji kamar in narke in bi rariya.

Baba kaɗai bai yi dariya ba. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya juya wurin likitar.

“Malama, ɗaura min. Tun yana yaro nake fama da shi ya tsuguna ya gaida manya, ban iya ba. Abin da ya lanƙwasa gwiwar wannan, zai iya miƙar da tawa.”

Yanzu Baba da sandarsa yake takawa masallaci. Ni kuma na koyi cewa in za ka gwada abin da ba ka sani ba, to ka gwada shi inda babu ɗan unguwarku. Alhajin nan ashe a bayan layinmu yake, kuma har yau in na gaishe shi, ƙafa yake miƙo min.