Rasuwar Kwandasta, Na'urar Numfashin Direba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da idanu masu nauyin barcin da bai samu ba, Direban tirela da ke gida na ƙarshe a layin masu faci, a madadin kansa da matarsa da 'ya'yansa, yana sanar da 'yan uwa da abokan sitiyari rasuwar na'urar numfashinsa, wadda aka fi sani a gareji da Kwandasta. Ta rasu a kan teburin mai gyara, cikinta a buɗe, bayan doguwar jinyar da ba wanda ya san tana yi.

Ga wanda bai san marigayiyar ba, 'yar baƙar akwati ce da ba ta kai batirin mota girma ba. Tana da ɗan tankin ruwa a gefe, da dogon tiyo, da takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci. Aikinta guda ɗaya ne. Direba na da lalurar da in ya yi barci maƙogwaronsa ke rufewa, numfashi ya ɗauke, sai ya zabura kamar wanda aka shaƙe, ya koma, ya sake ɗaukewa, haka har gari ya waye. Ita ce ke tura masa iska ta buɗe hanyar. Ruwan tankin kuwa don kada iskar ta busar masa da hanci ne.

Kafin zuwanta, Direba ya yi shekaru yana ɗauka minshari ne kawai, irin na kowane mai ƙiba. Matarsa ta sha faɗa masa cewa ba ƙarar ce ke tayar mata da hankali ba, shirun da ke biyo baya ne. Bai saurare ta ba. Sai da wata rana tsaka, yana ɗauke da siminti, ya lumshe ido a kan miƙaƙƙiyar hanya, ya buɗe ya ga karan masara a jikin gilashi. Tirela ta bar titi ta shiga gonar mutane. Ba a rasa rai ba, amma Oga, mai motar, ya tasa shi gaba har asibiti da kansa. Da likita ya gama bayani, Oga ya yanke magana a gaban kowa a gareji: muddin na'ura na cikin mota, makulli na hannun Direba, ranar da babu ita, a rataye makulli a ƙusar ofis. Ba wanda ya ce Oga ya yi zalunci. Shi ma Direba bai ce ba.

Ƙaninsa, malamin makaranta, wanda duk gida ke kira Ticha, shi ya samo ta. Ya shigo da kwali a hammata, ya ajiye a gaban yayansa, ya ƙi faɗin yadda ya yi. Har yau ba wanda ya sani. An dai lura daga wannan watan a ƙafa yake zuwa makaranta, babur ɗinsa kuma ba a sake ganinsa ba.

Marigayiya ta yi zama lafiya da kowa. Ba ta taɓa ƙin tashi ba, ko a wutar gida ko a batirin mota. In aka danna ta sai ta ce ƙet, sannan ta ja dogon fuuu, daga nan kuma shhh, shhh, a hankali, kamar mai lallashin jariri. Iyakar maganarta ke nan a duniya. Ba ta da gulma. Ta ga Direba da baki a buɗe, da yawu a kumatu, ba ta taɓa kai labari gareji ba. Abokan aiki sun yi ta tsokana, wai an sa wa Direba takunkumi don kada ya ciji mutane, wai giwa ta shiga sana'ar tuƙi. Da suka ga duk tafiya tana gefensa a kan kujera, an ɗaura mata bel, sai suka raɗa mata Kwandasta. Shi dai ya san abin da ya sani. Ciwon kan asuba ya tafi. Ya daina mintsinin cinyarsa a kan hanya. Ya daina tauna citta da zuba wa kansa ruwa a wuya. Matarsa ta yi ƙiba, maƙwabta suka zaci wani abin alheri ne ya samu, alhali barci ne kawai ta fara yi.

A zamanin Ticha, wankan marigayiya aikinsa ne. Duk ƙarshen mako da Direba ke gida sai ga shi da hantsi, ya naɗe hannun riga, ya ware ta gaɓa-gaɓa a kan tabarma. Ya zubar da ruwan tanki, ya wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu marar ƙamshi. Ya ɗura kumfa a tiyo, ya toshe bakinsa biyu da tafin hannu, ya girgiza, ya ɗauraye, ya rataye a igiyar shanya a inuwa, baki biyun na kallon ƙasa. Ya ciro filta ya ɗaga wa haske. Direba na zaune a kan benci yana masa faɗa, cewa a sana'arsu injin da ke aiki lafiya ba a buɗe shi, kuma duk motar da ta mutu ba lokacinta ba, hannun masu karambani ne ya kashe ta. Ticha sai ya yi dariya ya ce wa yayan nasa wannan ba mota ba ce, huhunsa ne na waje. Direba ya ce 'yan boko ba sa rasa magana. Haka suke yi kullum, sannan a kawo abinci su ci a kwano ɗaya.

Ticha ya kwanta ciwo na 'yan kwanaki, ya rasu. Allah Ya jiƙansa. Wannan addu'ar tasa ce shi kaɗai, ba ta akwati ba.

Daga nan Direba ya karɓi riƙon marigayiya da kansa, kuma ya riƙe ta da iyakar abin da ya sani. Wanda zai ce sakaci aka yi, ya faɗa a gidansu. Ba a taɓa kula da inji kamar yadda aka kula da ita ba. Kowace safiya yana goge jikinta da tsumma na musamman har tana ƙyalli. Yana duba ruwan tankinta kamar yadda yake duba lagireto: in ya ragu, ya ƙara. Lagireto ba a zubar masa da ruwa kullum, ƙari ake yi, kowane yaron mota ya san wannan. Tiyo kuwa da ya cire daga fuska yake naɗe shi da ɗuminsa, ya sa a leda, ya ɗaure bakin ledar tam, ya sa a jaka, ya ja zif, don kada ƙurar hanya ta samu ƙofa. Ƙura ce ya sani tana kashe inji, ƙura kuma ya yaƙa. Ko ƙwaya ɗaya ba ta shiga ba. Abin da ya rage masa na ƙaninsa ke nan, ba zai bar shi a buɗe a igiya kamar tsumman kicin ba. A haka take wuni a cikin mota, rana na dukan gilashi, ruwa a cikinta, tana tsalle a ramukan hanya.

Ciwon ajali ya fara da wari, irin na wankin da aka manta a bokiti. Direba ya ce warin roba ne. Matarsa ta ɗiga turare a auduga ta liƙa kusa da inda na'urar ke shaƙar iska, aka samu sauƙi na ɗan lokaci. Daga baya wasu baƙaƙen ɗigo suka bayyana a lungunan tiyo. Ya kanƙare da farce daga waje, ba su fita ba, ya ce tsufa ne, shi ma yana da irinsu a wuya. Muryarta ta canza. Shhh ɗin nan mai laushi ya koma da ɗan gurgur a ƙarƙashi, kamar mai kurkurar baki. Duk da haka ba ta fasa aiki ba ko sau ɗaya, kuma wannan ne ya ruɗe kowa.

Sai Direba ya fara tari. Ya sha maganin kemis, ya sha na gargajiya, tari na nan. Hanci ya toshe, ƙirji ya yi nauyi, zazzaɓi ya kwantar da shi har aka ba shi gado a asibiti. Wata nas mai gajeren haƙuri ta ji tarihinsa, ta ce a kawo na'urar. Matarsa ta kawo ta a jakarta, a ledarta, tana ƙyalli. Nas ta kwance ledar, ta kau da kai, ta buɗe tanki. Abin da ke ƙasan tankin ba ruwa ba ne kuma. Yauƙi ne mai santsi, gefensa ja-ja, tsakiyarsa baƙi. Ta ɗaga tiyo wa taga, aka ga funfuna ta yi layi daga wannan baki zuwa wancan, kamar gashin jariri. Ta tambayi Direba yaushe rabon a wanke. Ya ba ta amsa da ranar da aka binne ƙaninsa. Ba ta ƙara tambaya ba.

Likita ya ce tanki da tiyo da takunkumi ana iya sauya su, in dai abin bai kai ciki ba. Da wannan ɗan fatan aka kai ta wurin mai gyara bayan an sallami Direba. Mai gyara ya kwance ƙusoshinta, ya ɗaga murfi, ya leƙa. Ruwan da take tsalle da shi a hanya ya daɗe yana malala zuwa ɗakin inji. Soson da ke ciki ya jiƙe ya yi baƙi, funfuna ta kama fankar da ke tura iska, tsatsa ta ci wayoyi. Mai gyara ya ce ko ta tashi, shi ba zai bar ɗansa ya shaƙi iskarta ba. Direba ya ce a gwada dai. Aka sa mata wuta. Ta ce ƙet, kamar kullum. Ta ja fuuu rabi. Sannan ƙir, ƙir, ƙir, ɗan hayaƙi ya fito, shi ke nan.

Ta rasu ta bar tiyo da takunkumi, waɗanda ciwo ɗaya ya kama su, kuma za su bi ta. Ta bar wayar wuta, lafiyarta lau, ba ta da inda za a soka ta. Ta bar jaka, da leda. Ta bar matar Direba, wadda ta koma tsohon aikinta na kwana da gwiwar hannu a shirye, tana sauraro, tana zunguri. Ta bar Oga, mutum mai cika magana, wanda ya zo dubiya da lemo, ya zauna, ya yi ta kallon ƙasa, bai ce komai a kan makulli ba, don ya san ba sai ya ce ba. Ta kuma bar Direba, wanda shekarunsa sun wuce na koyon wata sana'a, kuma bai iya komai ba sai sitiyari.

An je an tambayi sabuwa. An faɗa wa Direba kuɗin da take ci, ya yi godiya ya fito. An ce akwai inda ake taimakawa, ya je, aka ce ya riƙa leƙowa. Wanda zai shigo da kwali a hammata ba tare da ya faɗi yadda ya yi ba, yana ƙarƙashin ƙasa. Wasu abokai sun ba shi shawarar ya riƙa ɗora jakar a kujera, wa zai buɗe ya duba. Direba ya gode musu. Ya taɓa farkawa a gonar masara. Ba kowace hanya ce ke da gona a gefenta ba, wata kasuwa ce, wata makaranta.

Ga masu irin wannan na'ura, iyalai na roƙon abu ɗaya a madadin kuɗin gaisuwa. In gari ya waye a zubar da ruwan tanki, duka, kada a yi ƙari. A bar shi a buɗe ya bushe, in za a kwanta a zuba sabo, tatacce irin wanda asibiti suka faɗa. A goge takunkumi, a wanke tiyo duk mako da sabulu, a rataye shi ya sha iska har sai ba ɗigo a ciki. Kada a ɗauke ta da ruwa a jikinta. In ta yi wari, ba turare take nema ba. Direba bai janye maganarsa a kan motoci ba, injin da ke lafiya ba a buɗe shi. Amma wannan ba mota ba ce. An faɗa masa a lokacin da ya dace.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi. Ba wanka, lokacinsa ya wuce. Ba salla, roba ce da waya. Tiyo da takunkumi za a ƙulle su a leda biyu kamar yadda nas ta ce, kada wani ya tsinta ya ga kamar za su yi amfani. Gawar za a miƙa ta ga mai gyara ya kai inda ake kai matattun kayan wuta. Daga can Direba zai wuce gareji a ƙafa, ya rataye makulli da hannunsa. Yana roƙon abokan aiki kada kowa ya raka shi ofis, kuma kada a yi masa jawabi.

Za a ci gaba da karɓar gaisuwa a ƙofar gida, a kan benci. Ba sai an yi waya ba, kowace rana aka zo za a same shi. Wanda yana cikin gaisuwa ya ga kan Direba ya langaɓe, kada ya ɗauka raini ne, ya ci gaba da zamansa. In minshari na tashi, a ƙyale shi. In aka ji ya yi shiru, kada a tsaya jin kunya ko neman matar gida. A kama kafaɗarsa a girgiza da ƙarfi.