Ranar da Injiniya Ya Canza wa Motar Baba Mai

A danginmu mutum ɗaya ne ya sadaukar da rayuwarsa ga ilimin inji. Labule yake sayarwa.

Mijin yayata ne, muna ce masa Injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan, mu kuma ba mu ga dalilin yin gardama da mutum a kan abin da bai ci mana komai ba. Idan mota ta wuce ƙofar shagonsa, sai ya karkata kunne ya faɗa maka ciwonta, da shekarunta, da irin halin mai ita. Ba a taɓa kama shi da kuskure ba, domin ba motar da ta taɓa tsayawa a duba.

To, ka san Baba yana da wata tsohuwar mota mai canza giya da kanta, wadda ta girmi auren yayata nesa ba kusa ba. Yana goge ta kafin ya wanke fuskarsa. Da idonsa ya fara rauni likita ya hana shi tuƙi, sai ya ce zai bayar da ita ga wanda ya tabbata zai kula da ita. Daga ranar Injiniya ya zama mai yawan zumunci. Gaisuwar da a da sai an tuna masa, yanzu har Baba ya fara ɓuya a ɗaki.

"Baba, in motar nan ta shigo hannuna," in ji shi yana durƙushe, "ta yi bankwana da gareji. Ba bakaniken da zai sake ɗora mata hannu."

Baba ya ce Allah ya sa. Ya ƙara da cewa lokacin canza baƙin mai ma ya yi, zai aika a kira bakanikensa. Injiniya ya dafe ƙirji kamar an zagi iyayensa. Yana raye a kira wani? Canjin mai da filta ai abin da yake yi ne yana hira.

Da safen da Baba ya tafi ganin likitan ido, sai ga gwanin namu da galan ɗin mai, da sabuwar filta, da sifana iri-iri a cikin buhun da ake zuba labule. Ya sa wata rigar aiki mai haɗe da wando, sabuwa fil, har da karin guga. Ya nuna mini bidiyon da ya kalla a waya. Na lura ya tsaya a tsakiya, na tambaye shi sauran fa. Ya ce sauran na masu koyo ne.

Ya ɗaga motar da jak, ya shimfiɗa kwali, ya karɓi bahon wankin yayata bisa alkawarin ko ɗigo ba zai taɓa gefensa ba, ya shige ƙarƙashi. Daga nan ƙafafunsa kawai nake gani, sai murya tana fitowa tana koyar da ni. Ya ce noti biyu ne a wurin, jahili zai tsaya ruwan ido, amma shi hannunsa ya san hanya. Ya zaɓi wanda ya fi kusa da hannun nasa.

Mai ya zubo cikin baho, ja wur kamar maganin tari.

Ni ban san mota ba, amma na san ana ce masa baƙin mai, don haka na yi tambaya cikin ladabi. Injiniya ya turo kai waje ya dube ni da tausayi.

"Ƙanina, wannan jan da kake gani shi ne cutar. Injin ya kusa mutuwa. Da na ƙara sati ban zo ba, da sai dai ku yi zaman makoki."

Yayata da ke tsaye a bakin ƙofa ta ce ita dai bahonta take ji.

Sai filta. Tsohuwar ta ƙi kuncewa. Ya murɗa da hannu, ya murɗa da tsumma, ya yi mata magana mai daɗi, ya yi mata marar daɗi. Daga ƙarshe ya ɗauko sukudireba da guduma ya huda ta, wai dabarar manya ce. Mai ya tsiyayo ta hannun rigarsa, ya bi hammata, ya sami fuska. Wannan karon baƙi ne ƙirin. Na ce ashe da saura. Ya tofar da abin da ya shiga bakinsa ya ce wannan tsohon laifin bakaniken Baba ne ya taru a filta, kuma zai yi magana da shi.

Da ya ɗaura sabuwa, ya juye galan ɗin kaf a injin. Ya zaro gejin auna mai ya duba, mai ya wuce layin sama da kusan tsawon yatsa. Ya ce layin na marowata ne.

Baba ya dawo ya tarar da surukinsa tsaye a jikin mota, baƙi daga goshi zuwa gwiwa, haƙora kaɗai ke haske. Injiniya ya buɗe masa ƙofar gaba ya ce ya shigo ya ji yadda mota take idan ta haɗu da masani. Baba ya shiga, ya ɗaura bel, ya ɗora hannuwa a cinya.

Motar ta tashi, wannan kam ba a hana shi ba. Sai salansa ta fara aman hayaƙi, shuɗi mai kauri, har maƙwabta suka fara kwashe shanya. Injiniya ya ce tsohuwar cuta ce ke fita. Ya sa giya, ya taka totur. Injin ya yi kururuwa kamar za mu tashi sama. Motar ba ta motsa ba.

Ya duba birkin hannu. Ya sa ribas. Ya ce ba ta saba da mai mai kyau ba ne, sai an lallashe ta, ya lallashe ta da totur har ƙasa. Ya ce in ɗan taɓa ta daga baya, na taɓa, na sha hayaƙin da ya ishe ni shekara. Ana cikin haka wani ƙauri ya taso daga ƙarƙashi, wani abu ya yi ƙara sau ɗaya, irin ƙarar da ba ta buƙatar fassara.

Baba ya kwance bel a hankali ya fito. Ƙafarsa ta bugi bahon yayata. Ya sunkuya ya tsoma yatsa, ya kai hanci, ya ɗaga shi saitin rana.

"Malam, wannan daga ina ya fito?"

"Daga inji, Baba. Ku dubi yadda ya lalace."

"Man giya ne. Ko da idon nan nawa."

Wato gwanin namu ya tsiyaye giya, ya bar tsohon mai a injin, ya ɗora masa sabon galan a kai, sannan ya yi ta taka busasshiyar giya har ta sallama. Injiniya ya buɗe baki ya fara bayani a kan motocin zamanin da, yadda masu ƙera su suke sa noti a inda bai dace ba. Baba ya ɗaga masa hannu. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana shafa bonet, sannan ya zare makulli ya miƙa masa.

"Riƙe, ɗana. Ta zama taka. Sai dai ka fitar mini da ita daga gida kafin la'asar."

Mu muka tura ta, ni da wasu maƙwabta masu son ganin ƙarshen labari, Injiniya yana riƙe da sitiyari yana ɗaga wa mutane hannu ta taga.

Kada ka ce mutumin bai da alkawari. Ya ce ta yi bankwana da gareji, ya ce ba bakaniken da zai sake taɓa ta, kuma har yau ba wanda ya taɓa. Tana nan ƙofar gidansa, yana goge ta kowace safiya. A kanta yayata take shanya.