Rasuwar Hajijiya, Sandar da Aka Yi wa Walda da Ranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da tafin hannu mai cike da kanta, Mashkura Sadisu, mai ɗakin motsa jiki na mata zalla a saman benen Alhaji Aminullahi da ke Nyanya, tana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar sandarta mai juyawa, wadda aka fi sani da Hajijiya. Ta rasu ranar Talata da hantsi, tana da shekara biyu da wata huɗu, tsaye a inda ta saba tsayawa.

Ga waɗanda ba su taɓa hawa benen ba: marigayiyar ƙarfe ce doguwa mai sheƙi, daga ƙasa har silin, wadda mata ke kamawa su ɗaga jikinsu don ƙarfafa damtse da ciki da gadon baya. An haife ta a ƙasar Sin, ta biyo ta Legas cikin kwali, ta kwana uku a tashar Nyanya ana zaton bututun ruwa ce. Mashkura ta ɗauko ta ne bayan ta yaye 'yarta Yusra, lokacin da ciwon baya ya hana ta ko sunkuyawa ta ɗauki yarinyar.

Marigayiyar mai rufin asiri ce. Mace ko jiya ta fara, in ta kama ta ta ɗaga ƙafa ɗaya, Hajijiya za ta yi mata sauran aikin, ta zagaya da ita a hankali har ta hango kanta a madubi ta ɗauka gwana ce. Ba ta taɓa tambayar kowa nauyinta ba. Madam Christina, wadda ke fitowa daga ofis da ciwon wuya, ta sha hawa kanta da takalmi ɗaya a ƙafa. Abin da kawai aka taɓa ji daga bakinta shi ne "ƙiii" in an hau, sai "wul, wul, wul" in tafiya ta miƙa. Aibinta guda ne: ba ta son a zo mata da cikakken ciki. Safara'u, wadda ta hau ta bayan ta ci sakwara, za ta ba da shaida.

Ta rasu ta bar yayarta, Tsayayya, sandar da ba ta motsi, wadda kowa ya san halinta. Ita ba ta taimakon kowa. In kina da ƙarfi ki juya da kanki, in babu ki sulalo ƙasa da saɓulalliyar fata. An daɗe ana musu a kan wace ce ta fi: 'yan Tsayayya na cewa Hajijiya tana shagwaɓa mutane, 'yan Hajijiya na cewa ai duniya ma juyawa take. Yanzu mutuwa ta raba gardama. Haka kuma ta bar katifu shida da Mashkura ta kewaye gindinta da su saboda yara, da ɗalibai sha tara, da wani ɗan mabuɗi mai lanƙwasa wanda ya zama maraya.

Game da jinyarta, dole a faɗi gaskiya ko da ɗaci. Ranar da ake hawa da sandunan, Alhaji Aminullahi, dattijo Bakatsine mai sayar da kayan gini a ƙasan benen, ya tambayi amfaninsu. Mashkura ta san a gidajen rawar dare ake nuna sanduna haka a talabijin, ta san kuma ba za ta iya yi masa bayanin gadon baya a kan matakala ba. Sai ta ce ginshiƙai ne, don tokare silin. Alhaji ya yi ta sa mata albarka. Ya ce a Abujar nan da benaye ke tsirowa kamar ciyawar damina, wasu na zubewa tun fenti bai bushe ba, bai taɓa ganin ɗan haya ya tallafi gini da kansa ba.

An ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Wannan dai ta yi shekara biyu tana fure, ranar Talata ta haihu.

Rufi ya yi yoyo, Alhaji ya yi sallama ya hau dubawa, babu ɗaliba ko ɗaya. Yusra, mai shekara huɗu, yarinyar da aka koya wa karrama baƙo, ta ga babu abin da ya fi kyau a ɗakin da za ta nuna masa. Ta sa yatsa ɗaya ta tura Hajijiya. Marigayiyar ta ce "ƙiii".

Alhaji bai tsaya ɗaukar hularsa ba. Cikin minti biyar ya fitar da kowa daga benen: tela da zare a baki, mai gyaran gashi da kwastoma rabin kai a tsefe. Ya kira Oga Kure mai walda daga Apo. Abin takaicin shi ne, noti biyu ne ƙanana a gindin marigayiyar, in an ɗaure su da ɗan mabuɗin nan sai ta tsaya cak kamar yayarta. Mabuɗin yana cikin jakar Mashkura. Ta riƙe jakar, ta buɗe baki, ta tuna ɗalibanta sha tara, ta rufe. Oga Kure ya yi walda sama, ya yi ƙasa, ya ƙara da kankare har gwiwa don lada. Kalmar ƙarshe ta marigayiyar ita ce "tsss".

Da a nan abin ya tsaya, da Mashkura ta haɗiye. Amma Alhaji, da kyakkyawar niyya, ya durƙusa ya gaya wa Yusra cewa da ta ƙara turawa sau ɗaya, da rufin ya danne kowa har da mamanta.

Tun ranar yarinyar ba ta yarda wani abu ya juya ba. Fanka ba ta aiki a gidansu, a zafin nan na Nyanya. Ta ɓoye muciya. Tana yawo da kwanon silba a ka, ta ajiye wa uwarta babba. In Mashkura na girki, sai ta waiga ta gan ta ta dafe bango da hannu biyu, wai tana riƙe mata gidan. An yi lallashi, an yi addu'a, an sayo alewa. Yarinyar ta ce Alhaji babba ne, mama kuma da bakinta ta ce ginshiƙi ne. Iyalan marigayiyar na roƙon masu zuwa gaisuwa, don Allah kada wanda ya tambayi Yusra yadda abin ya faru, ko da wasa.

Ga tsarin jana'iza. Ba za a ɗauki gawa ba, domin ƙarti uku sun gwada sun kasa. Za a bar ta a tsaye, a lulluɓe ta da atamfa.

Za a taru ranar Asabar da ƙarfe goma na safe. An gayyaci Alhaji tare da mai ɗakinsa Hajiya Hansatu, wadda aka ji tana fama da baya ita ma, ko Allah zai sa a dace. Mashkura za ta ɗora Yusra a cinya, ta faɗa wa Alhaji ko mene ne sandunan, ta faɗa wa 'yarta cewa mama ce ta yi ƙarya. Daga nan za ta kwance Tsayayya a gaban yarinyar, ta kwantar da ita ƙasa, kowa ya zauna a ƙarƙashin silin har Yusra ta gaji da kallonsa ta cire kwano da kanta.

Ba a buƙatar abinci. Mai zuwa ta taho da kwali babba na kwashe kaya, domin ba a san abin da Alhaji zai yanke ba, kuma madubai ba sa son gaggawa. Wadda ta san ba ta yarda da silin ɗin ba ta zauna kusa da ƙofa, ba za a ga laifinta ba. Sai dai kada ta ɗaga kai sama. Yarinyar fuskokinku za ta riƙa kallo.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ya kuma riƙe rufin.